Baba da Gishirin Awaki

Jiya da rana na kama Baba tsugune a garken awakinmu, yana ɓantarar kantun gishirin Bilma da muke ajiye musu su lasa.

Wata uku ke nan likita ya ce tansiyonsa ya hau, a rage masa gishiri. Tun ranar Inna take ware masa miya a ƙaramar tukunya, ko magi babu. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa manyan motocin ma'adini nan Arlit, kilishi a aljihu, yau shi ne da miya lami.

Na ce, "Haba Baba, har na awakin?"

Ya ce, "Likita na kanti ya hana. Wannan na Allah ne, raƙumi ya kawo shi."

"Ai jininka bai san raƙumi ba."

Ya yi dariya, ya miƙo mini ɓantaren. "Kar ki gaya wa uwarki, tana ƙoƙari."

Ashe ta sani. Ta ce sati biyu ke nan tana auna kantun da yatsa.

Masu tsoho mai hawan jini a gida, da me kuke gyara miyarsa? Awaki na son gishirinsu, mu kuma muna son Babanmu.