Waƙar Dakan da Kawu Ya Rasa

Shekaranjiya maƙwabcinmu ya shanya fatar akuya a kan katanga, iska ta kwaso mana warin har tsakar gida. Kowa ya toshe hanci, ni kuwa dariya ta kama ni, don kuwa haka ɗakin kawuna yake wari a gidanmu na Gure, saboda fatun ganga.

Kawu ƙanen Inna ne, mawaƙi tun ba wanda ya sa shi. Da gangar noma ya fara. Matsalarsa baitinsa tsawo gare shi, har manoma su dogara da hauya su tsaya sauraro, mai gayya yana ta kumfar baki. Daga nan ya koma filin kokowa. Wata uku ya yi yana shirya wa wani ƙato na Gidigir kirari, ranar karawa bai kai ga amshi ba aka shimfiɗa gwanin nasa a ƙasa. Kawu bai fasa ba, ya juya ya ƙarasa wa wanda ya yi kayen.

Sai gurumi, sai gita. Zamanin gita ya naɗa rawani irin na Buzaye, ya ƙwama baƙin tabarau, ya yi karo da jakin mai ruwa har ya tsaya ba shi haƙuri. Da ya dawo daga Damagaram da waƙar samari, wadda ake zuba magana kamar ana faɗa, wando a ƙasan ƙugu, Kaka ta dube shi ta ce da Inna, "Nemo wa ƙanenki mazagi."

Kada ku ɗauka bai iya ba. Wallahi ya iya, kowane salo ya shiga sai ya fito da abin kirki, kasetinsa har tashar mota ana sa shi. Amma mutum ɗaya yake nema, uwarsa. Kaka a zamaninta ita ke ba da waƙa wajen lugude, kuma duk burin Kawu ta ɗauki ko baiti ɗaya nasa a bakinta. In ya yi sabuwar waƙa sai ya durƙusa gabanta ya rera. Ta bar shi ya kai ƙarshe, ta ce, "Ka gama? To miƙo min faifai." In abin ya yi mata muni ƙwarai, da Barbarci take faɗa. Muna dariya, amma ni tausayi yake ba ni, in na ga ya tashi yana kakkaɓe gwiwa.

Wani rani Kawu ya rataye komai, ya koma zama bayan zanar da mata ke daka, hannu rabbana. Unguwa ta ɗauka, wasu su ce aljanu, wasu su ce bazawara yake haƙo. Ashe sauraro yake: inda taɓarya ke tashi, inda mace ke jan numfashi, inda ake tafi. A nan ya gane mai daka ba ta da numfashin dogon baiti. Ya dinga yanke kalmomi, shi da bai taɓa yarda ya zubar da ko ɗaya ba.

Rannan Inna tana yi min kitso ya shigo ya tsuguna. "Yaya, ki saka wannan wajen daka. Don Allah kada ki ce tawa ce."

*Geron Kelle ba ya jin lallashi,*
*Sai ya ga taɓarya yake gaisuwa.*

Kafin kasuwa ta zagayo, duk turamen unguwa sun ɗauka. Wata safiya Kawu yana shan koko, sai muka ji murya daga rumfa, tsohuwa amma tsaf. Kaka ce. Ludayi ya tsaya masa a hanya, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ta ƙwala masa kira. "Kai, zo ka ji waƙa! Ta uwata ce wannan, a Kelle muke yin ta tun ban yi aure ba. Haka mutanen da ke waƙa, ba hayaniyar nan taka ba."

Inna ta cusa bakin mayafi a baki. Kawu ya ajiye ludayin. Ya san halin tsohuwarsa, yana cewa tasa ce za ta tofar da ita.

"Allah ya jiƙan mutanen da, Iya," in ji shi.

Bai tsira ba. Ta zaunar da shi ta koya masa waƙarsa, tana gyara masa, wai yana ɓata ta. Ba ta daina rera ta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau inji ya cinye lugude, jikokina ba su san nauyin taɓarya ba. Samari kan zo wajen Kawu da salula, wai suna tattara waƙoƙin gargajiya kafin su ɓace, kuma wannan suke fara tambaya. Bara ina zaune ya gyara farin gemunsa ya ce musu ta kakarsa ce, 'yar Kelle. Haushi ya kama ni. Suna fita na ce, "Haba Kawu, ina wurin fa! Kaina ake kitsawa."

Ya ce, "Iya ta ce ta uwarta ce. Tana raye ban ƙaryata ta ba, sai yanzu da ba ta nan?"