Ɗan Dakon da Ya Daina Sayen Goro

Ranar kasuwar Gwarzo ce, a kakar gyaɗa. Ina zaune wajen Haladu mai goro, ina kallon wani ɗan dako yana sauke buhu a bakin sikelin kamfanin Turawa. Dogo ne siriri, ɗaukar kaya ta cinye gashin tsakiyar kansa, haƙoransa jawur.

Da aka sallame shi sai ya nufo mu. Ya ɗauki farin goro, ya jujjuya, ya shinshina, ya mayar.

"Malam, sabo ne, jiya ya iso," in ji Haladu.

"Na gani wallahi. Amma na daina saye sai na mallaki jaki. Wuyan nan ya fara gajiya, ga yara ƙanana."

Ya kwance 'yar jakar fata daga ƙugunsa, ya jefa aninin da zai ba Haladu, ya ɗaure tam. Ina jin kullum haka yake yi.

Haladu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi kyauta. Ya karɓa hannu biyu, ya cusa a hula.

"Allah ya saka. Sai gobe da rana, in kaya ya yi nauyi."