Atishawar da Ta Wanke Allura

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta makon da aka yi mana rigakafin sanƙarau a makarantarmu ta Goronyo ba.

Da yamma hannuna ya yi nauyi, jikina ya ɗan yi ɗumi. Iyakar abin ke nan. Amma da na ji Baba ya ce in huta da zuwa fadama ban ruwan albasa, sai na ƙara wa ciwon gishiri. Na baje a tabarma ina nishi, har na yi wasiyya a ba ƙanena kekena.

Rana ta uku ciwon gaske ya iso: majina, tari, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Kaka ta dube ni ta ce, "Allurar ga ta gama da yaron ga. Jinjira ba ta zuwa ko'ina." Ta ɗauke katin rigakafin jinjirar, wato ƙanwata, ta soke a ƙugu, alhali saura kwana biyu a yi mata allurar ƙyanda, ga ƙyandar tana yawo a unguwa. Nan na gane shegantakata ce ta jawo.

Washegari Baba ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, Kaka a bayana, ta taho yin faɗa. Malamar asibiti ta bari ta gama, sannan ta tambaye ni, "Hannun fa?"

"Ya bari tun shekaranjiya," na ce, idona a ƙasa. Baba ya yi min wani kallo.

Malamar ta ce, "To, wancan shi ne na allura, ciwon hannu da ɗan zazzaɓi, kwana guda ko biyu. Wanga tari da majina mura ce, wani ya shafa maka. Na allura ba ya tsallakawa ga kowa."

Kaka ta buɗe baki za ta musa, sai atishawa, har uku a jere.

"Hajiya, ke ma an yi miki allurar?"

"Mi? Ni? Wa ya isa?"

"To, murar jikanki ce ta kama ki."

Kaka ta share hanci, ta harare ni, ta zaro katin ta miƙa wa Baba. Ban taɓa jin daɗin harara irin ta ranar ba. Washegari aka yi wa ƙanwata allurarta.

Tun daga lokacin na koyi faɗin ciwo daidai yadda yake, da ranar da ya fara, a gaban wanda ya san aikin. Ƙarin gishirina ya kusa cutar da wadda ko magana ba ta iya ba.