Gwaggo Kulu, Wadda Ta Koya Mini Turkanci da Tsakiyar Jigida

Ina kwance a ɗakina a Gwadangaji bayan azahar, littafin soyayya a hannuna, sai ƙanwar maigidana ta kira daga Argungu ta ce Gwaggo Kulu ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a zaune ban iya tashi ba.

Gwaggo ƙanwar surukina ce. Ta yi shekara da shekaru tana zuwa Istanbul saro abaya da mayafai, har Turkanci ya zauna a bakinta. Da maigidana ya sami gurbin karatu a can, aka ce zan bi shi bayan damina, ita ce ta fara gane fargabata. Ni mai son karatu ce, amma a gaban baƙo bakina mutuwa yake yi. Tsorona kada in je ƙasar mutane in zauna kamar bebiya.

Duk Asabar nakan shiga mota zuwa Argungu. Gwaggo ba ta da allo. Tsakiyar jigida take zubawa a faifai, ta miƙo mini zare. Babbar tsakiya ita ce kalma, ƙananan kuma abin da ake liƙa mata a baya. "Ev, gida ke nan," in ji ta. "Zura wagga: evde, a gida. Sake wata: evden, daga gida. Su Turkawa komai a wutsiya suke ɗaura shi." Kalmomin aiki ma haka muka bi su: gel, zo, geldim, na zo. In na yi zuru ina kallon bishiyar darbejiyar tsakar gidanta, sai ta buga faifan ta ce, "Ke amarya, baro samarin littahinki ki dawo, tsakiya na zubewa."

Na iya jerawa, na iya rubutawa, amma ban taɓa yarda na yi magana da Baturkiya ba. In abokiyar cinikinta ta kira, Gwaggo ta miƙo mini wayar, sai in tsere madafi. Takan bi ni da dariya: "Harshe ba kayan lefe ba ne da za ki aje cikin akwati."

Ranar sadakar uku muna zaune da masu gaisuwa, wayar Gwaggo ta yi ƙara a hannun babbar 'yarta. Baturkiyar nan ce, abokiyar cinikin Gwaggo, ba ta ji labari ba. Aka rasa mai amsawa, kowa ya juyo yana kallona. Na karɓa, na gaya mata Gwaggo ta rasu, an yi mata sutura a Argungu. Kalmomin sun fito a karkace, amma sun fito. Sai ta fashe da kuka. Ta yi ta addu'a, ina fassara wa matan da ke wurin ɗan abin da na kama, suna amsawa da amin. Kafin ta ajiye ta kira sunana. Ashe Gwaggo ta riga ta gaya mata ina tafe, ta roƙe ta ta riƙe ni kamar 'yar cikinta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta haƙuri, Ya albarkaci bayanta, mu kuma Ya sa mu cika da imani.