Maganin da Ya Karɓe Ta, Ya Ƙi Ni

Ina aji biyar na firamare Baba ya ɗauko ni daga ƙauyenmu da ke bayan Kafin Hausa, ya kawo ni Dutse wajen yayarsa, wai makarantar gari ta fi tamu. Gwaggo malamar makaranta ce, gidanta a Limawa, kuma mace ce mai son a ce babu gidan da ya kai nata tsari. Tana da 'ya sa'ata, taubashiyata. Ni da yarinyar nan halinmu ɗaya. A aike mu sayen manja mu dawo da gishiri, ko mu dawo babu kwalbar. A aji malam yana bayani, mu muna bin ƙadangare da ido a jikin taga. Tukwanen da muka ƙona mata ba su ƙirguwa.

Da duka ya gaza, wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta ba ta shawara ta kai mu Kano wajen likita. Likitan ya daɗe yana yi mana tambayoyi, sannan ya ce abin da ke damunmu sunansa ADHD. Ba taɓin hankali ba ne, ba aljanu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta iya tsayar da hankali wuri guda. Ya rubuta mana wata ƙaramar ƙwaya mai zaburar da ƙwaƙwalwa, a sha kowace safiya.

"Hajiya, ki dawo min da su duka biyun in ga yadda ya karɓe su," in ji shi. "Ba kowa yake yi wa aiki iri ɗaya ba."

Ina wasa da murfin bironsa a lokacin, amma na ji shi sarai. Gwaggo ma ta ji shi.

Taubashiyata kam magani ya karɓe ta. Tun makon farko ta zauna a kan tabarma ta gama aikin gida ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Ta ce min ji take kamar an kashe wata rediyo da ke cikin kanta. Ni kuwa da na haɗiye, kafin mu isa makaranta ƙirjina ya fara bugawa kamar na yi tsere. Bakina ya bushe, hannuna yana rawa har rubutuna ya lalace. Tuwo ya koma min kamar ƙasa. Da la'asar in maganin ya sake ni, sai wani baƙin rai ya taso min, in yi ta kuka ban san dalili ba.

"Gwaggo, ƙirjina yana bugawa."

"Na kowa ma bugawa yake. Buɗe baki."

Takan sa in ɗaga harshe ta duba, kada in ɓoye ƙwayar.

Ba a daɗe ba ta yanke hukunci, kuma ba a ɓoye ta yanke shi ba. In abokan aikinta sun zo, sai ta kira mu tsakar gida, ta sa 'yarta ta yi musu karatu, sannan ta nuna ni da baki.

"Likita ɗaya, magani ɗaya, gida ɗaya. Waccan ta gyaru. Wannan kuwa nata ba ciwo ba ne, mugun hali ne."

Su yi ta jinjina kai suna cin gyaɗa, ni ina tsaye ina cizon farce har ya yi jini.

Ranar komawa asibiti ta tafi da 'yarta kaɗai, ta bar ni da wanke-wanke. Ta dawo da maganin mu biyu. Ban san me ta gaya wa likita a kaina ba, na dai san bai gan ni ba. Bayan nan ta ƙara min rabin ƙwaya a kan tawa, da kanta, wai taurin kaina ya fi ƙarfin guda ɗaya.

Wata safiya a wajen taron ɗalibai, muna tsaye a rana, cikina babu komai, na ga gari yana juyawa, na faɗi. Malamai suka kawo ni gida a kan babur. Gwaggo ta jira sai da suka fita, sannan ta ce da gangan na yi, don in kunyata ta a gaban abokan aikinta.

Baba ya zo bayan kaka da buhun gero a matsayin tsaraba. Ya riƙe wuyan hannuna, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, yarinyar nan ta rame."

"Ita ta ƙi cin abinci. Babu abin da ban yi mata ba. Har Kano na kai ta."

Na ɗauka zai tambaye ni. Sai na ji yana ba ta haƙuri, yana yi mata godiya. Ranar ya mayar da ni ƙauye. Na tafi da maganar Gwaggo a raina, na yarda cewa ni ce lalatacciya. Abinci ya dawo min, ƙirjina ya lafa, amma karatu ya ci gaba da zame min. Na maimaita aji, na sha sunan sakarya a bakin malamai da 'yan gida, da ƙyar na lallaɓa har na shiga jami'a a Kafin Hausa.

A can ne, da na ga ana shirin korata saboda faɗuwa jarrabawa, na zo Dutse ni kaɗai na ga wata likita. Na ba ta labarin ƙwayar ina sunkuyar da kai, na ce mata an gwada, bai yi ba, wai halina ne.

Ta ajiye bironta. "Wa ya ce miki haka? Wani wannan ne yake karɓarsa, wani sai an canza masa iri, wani sai an rage masa, wani ma duk dangin maganin nan ba sa yi masa. Abin da kika faɗa min alama ce ta a dawo da ke a duba. Da an dawo da ke, da an canza."

Na fita daga ofishinta ina fushi da Gwaggo. Ta fara min da wani irin daban, kaɗan-kaɗan, ina komawa tana tambayata barci da ci da bugun zuciya. Na farkon ma bai yi ba, sai na gaba. Bai mayar da ni kamar taubashiyata ba, har yanzu ina ɓatar da makulli, amma ina iya karanta shafi har ƙarshensa. Na gama jami'a.

Bara aka yi sunan ɗan taubashiyata, na je don ita, don ba ni da komai a kanta. Muna zaune ɗaki cike da mata, sai na ji muryar Gwaggo tana nuna ni.

"Kun ganta nan? Ni na fara kai ta asibiti. Ga shi yau ta zama mutum."

Ban shirya magana ba, ta dai fito.

"Gwaggo, sau ɗaya kika kai ni. Likita ya ce ki mayar da ni, kika bar ni da wanke-wanke, kika ƙara min magani da hannunki har na faɗi."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Ji mara kunya. Ashe halin nan bai fita ba."

Na ajiye turmin atamfar da na kawo wa mai jego, na yafa mayafina na fita. Taubashiyata ta biyo ni har ƙofar gida tana kuka. Ta ce tun muna yara ta sha gaya wa Gwaggo cewa ina amai a bayan gida, aka ce ta rufe baki.

Baba ya aiko min sau da yawa in je in ba yayarsa haƙuri, wai babba ce, kuma ta riƙe ni. Ina girmama Baba, ban taɓa musa masa ba sai a kan wannan. Na ce masa ranar da Gwaggo ta tambaye ni me ƙwayar nan ta yi min a jiki, zan je har ɗakinta in durƙusa. Shekara ta zagayo, ba ta tambaya ba.