Zangon da Iya Habi Ba Ta Kai Mu Ba

Madogarata a kan labarin asalinmu uku ce, kuma ya kamata in faɗi rauninsu tun farko. Ta ɗaya abin da nake iya tunawa na ƙuruciya. Ta biyu yayata Asabe, wadda ta ce shanun labarin farare ne, ni kuwa ban tuna an ambaci launinsu ba. Ta uku rahotannin binciken ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halitta masu nuna asalin mutum, da masana ke cirowa daga tsofaffin ƙasusuwa, waɗanda na karanta a jami'a. Shekarar da kakarmu Iya Habi ta baro Rogo ta zo aure Tudun Kaya, babu wanda ya rubuta.

Da kaka, bayan magariba, mukan kewaye murhunta muna ɓarar gyaɗa. Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta yarda a kira ta tatsuniya.

"Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta," in ji ta. "Wannan ba ta zuwa, mu muka zo daga cikinta."

Ta ce kakanninmu sun zauna can arewa, a bakin wani ruwa da ba a hango ƙetarensa, inda shanu ke sha kusa da dorina. Ruwan ya yi ta janyewa har aka fara haƙa kafin a sha. Sai wata mata ta ɗora dutsen niƙanta a ka, ta ce duk inda ya sauka nan ne gida, jama'a suka bi ta. Zango bakwai suka yi. Kowace shekara Iya takan kai mu na shida ta tsaya. A na bakwai ne ake jin inda dutsen ya sauka da mutanen da aka tarar a wurin. "Wannan sai kun yi hankali," haka take cewa.

Shekarar da na shiga sakandare a Karaye na ɗauka na yi hankali. Tana cikin zancen dorina na katse ta.

"Iya, arewa fa hamada ce. Malaminmu ya nuna mana a taswira. Dorina a cikin rairayi?"

Yara suka fashe da dariya. Ta dube ni ta ce:

"To, maigidana ya yi boko. Tunda taswira ta girme ni, sai a je a tambaye ta."

Ta zare icen da ke murhu ta turmuza shi a toka. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya shekaru bayan haka, amma wannan labari ba ta ƙara taɓa shi ba. Asabe ta roƙe ta har a ciwonta na ƙarshe, amma Iya ta ce, "Ku tambayi mai taswira."

A jami'a na karanta cewa dubban shekaru da suka wuce hamadar Sahara tana da tafkuna da ciyawa da makiyaya, har an samu ƙwayoyin gadon wasu mata biyu da suka rayu a can. Dole in yi adalci: binciken bai ce su kakanninmu ne ba, kuma ba ni da hujjar cewa labarin baka zai iya daɗewa haka. Zafin ƙasarmu yana lalata irin wannan shaida, mu kuma ba ma tona kabari. Abin da na tabbatar kaɗai shi ne dorina ta sha ruwa a inda na yi wa kakata dariya.

Na je Rogo neman danginta. Wani dattijo ya ce, "Yaro, wannan zancen mata ne, masu yin sa kuma sun kwanta dama." Masana suna iya sa ƙashin da ya shekara dubbai ya yi magana, ni kuwa na rufe bakin mai rai da jimla uku.

A ina matar nan ta sauke dutsenta, kuma su wa ta tarar a wurin?