Jujin Bayan Gidan Bawa

A Ruwan Bore na girma, a hannun kakata Inna Hure. Bayan sallar magariba, idan an sauke tukunya, mukan zagaye murhu mu jikokinta, ita kuma ta duba kwanon kowa. Idan duk mun sharce, sai ta ba mu labarin Gizo mu sha dariya. Idan wani ya bar tuwo, labarin Bawa za mu ji, kuma wanda ya bar tuwon shi take kallo tun daga farko har ƙarshe.

"Ga ta nan, ku matso ku kama ta," in ji ta. Mu ce ta taho.

Bawa manomi ne mai rumbuna. A gidansa ana tuƙa tuwo fiye da yadda za a ci, saura a kai juji bayan katanga. Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba. Mutane suka fara zuwa jujin suna tsinta. Bawa bai ce a rage girki ba, bai kuma ce a miƙa musu a ƙwarya ba. Abin da ya dame shi shi ne taron, da kukan yara, da yadda baƙinsa suke gani.

Ya ce a riƙa barbaɗa toka a kan tuwon. Suka kankare tokar suka ci. Ya ce a gauraya da yashi. Suka ci da yashin. Daga nan ya aika aka tatso ruwan tinya, wanda mafarauta ke shafa wa kibiya, ya zuba da hannunsa, ya ce karnuka ne suka dame shi.

A nan Inna takan tsaya ta gyara itace.

Bawa yana da 'ya mai aure a wani ƙauye mai nisa, inda yunwar ta fi tsanani. Ta goyo ɗanta ta taho gida a ƙasa. Da ta iso, zanenta ya yage, ta ji kunyar shiga ta zaure maza na zaune, sai ta zagaya baya ta jira su tashi. Yaron yana ta kuka. Ta ga malmalar tuwo a juji, ta gane tuƙin uwarta, ta gutsura ta sa masa a baki. Ita ba ta ci ba, ta ce a ranta ai ta iso gida. Kafin maza su watse daga zaure yaron ya daina kuka, ya daina motsi.

Yayana Sale ya taɓa tambaya, "Inna, Bawa ya tuba?"

"Tuba mi?" ta ce. "Rame yas sa anka gina mai zurfi. Tun daga ran nan can aka zuba tuwon a rufe da ƙasa."

"Ba abin da ya same shi?"

"Ya tsufa da ƙibarsa. Ku tashi, ta ƙare."

Mun tsani labarin nan. Ƙanwata takan toshe kunne, Inna ta cire mata hannu. Na daɗe ina ganin mugunta ce kawai irin ta tsohuwar da ta ga yunwa, don ta sa mu cinye ɗumame ko ya fara tsami.

Yanzu a Damba nake, cikin Gusau, ina girkin biki. Bara aka ba ni aiki a wani ɗakin taro. Da aka tashi, an bar shinkafa da nama rabi-rabi a faranti, an tara su a manyan robobi. A bakin ƙofa akwai mata da yara, irin waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, suna jira. Sai na ga ma'aikaci ya kaɗa ruwan omo a bokiti ya juye a kan abincin.

Na nemi manajan na ce, "Alhaji, da ka bar ni na raba musu."

"Hajiya, idan na ba su yau, gobe ƙofar nan ba za ta shigu ba," ya ce. "Kuma idan cikin wani ya ɓaci, ni za a kama." Ya ƙara da cewa daga wata mai zuwa wani mai kiwon kifi zai riƙa kwashewa, sun ƙudura su rage zubarwa da rabi. Yana faɗa yana jin daɗin kansa.

Tun daga lokacin nake rage awo idan zan yi girki, nawa sauran kuma ina fitar da shi da kaina kafin ya kai roba. Amma ba ni kaɗai ke girki a garin nan ba. Na kuma gane ba tuwon da muke bari ne ya fi damun Inna ba. So take mu san akwai wanda ya fi son abinci ya lalace da ya ga mayunwaci a ƙofarsa, kuma yawanci lafiya lau yake tsufa.

Ranar, da na fito, na tarar da wata mata a bakin famfo tana ɗauraye shinkafar a gefen mayafinta, 'yarta na tsugune tana jira. Na ce kada ta ba ta. Ba ta ɗago ba.

"Kumfar tana fita, Hajiya," ta ce. "Mun saba."